Lebura da Albashinsa a Masana'antun Birnin Kano

Birnin Kano ya daɗe da sanin sana'a kafin ya san albashi, kuma duk wanda ya so ya fahimci yadda aikin kamfani ya shigo wannan gari, ya bunƙasa, sa'an nan ya ja da baya, lalle ne ya fara riƙe wannan bambanci a zuciyarsa. Sa'ad da Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin da mutum kamar dubu 30, amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi, domin ya tarar ana saƙa su, ana rina su, ana buge su a cikin birni da garuruwan da ke kewaye, fatake kuma suna ɗaukar su har Tambutu da Gat da Tarabulus. Ya yi lissafin cewa ƙimarsu a shekara ta kai wuri miliyan 300. Ya kuma lura da wani al'amari wanda shi Bature ya fi kowa ganinsa, tun da ya baro ƙasashen da masaƙun injin suka riga suka tara dubban talakawa a ƙarƙashin rufi guda, wato dukan wannan aiki a gidaje ake yin sa, ba tare da mutum ya rabu da iyalinsa ba.

Haka kuwa abin yake. Tsohuwa tana zaune a ɗakinta da mazari da alli tana kaɗi, ta aika yarinya kasuwa da zaren. Masaƙi, wanda galibi manomi ne da damina, ya kafa masaƙarsa a gindin inuwa da rani. Maɗinki ya haɗa ƙwarya da ƙwarya. Marini a Ƙofar Mata ko a Kura ya tsoma a baba. Mabugi ya zuba shuni ya buga har ta yi walƙiya. Kowane ɗayansu ladan abin da hannunsa ya gama yake karɓa, lokacinsa kuma nasa ne. Ba za a ɓoye cewa audugar da hatsin da suka riƙe wannan arziki, da yawansu bayi ne suka noma su a rinji da gandun sarakuna ba, don kada mu ƙawata zamanin da abin da ba shi da shi. Malaman fiƙihu kuma sun san babin ijara, sun karanta sharuɗɗanta a Risala da Muhtasar, cewa ladan ya zama sananne, aikin ko wa'adinsa ya zama sananne. Sai dai ijarar da jama'a suka saba da ita ta yini ce, ko ta jinga. Amma a ce ɗa mai 'yanci ya sayar da dukan yininsa ga mutum guda, shekara da shekaru, ba ranar fita, wannan a idon Bakano ya fi kama da barantaka. Bara kuwa yana haƙuri ne domin ya san akwai ranar da ubangidansa zai yi masa aure, ya ba shi jari, ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa.

Turawa sun ci Kano a 1903, dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Abin da masu masaƙun Ingila suka yi fata shi ne jirgin ya riƙa kai musu auduga, sai manoma da 'yan kasuwa suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, har Alhassan Ɗantata da ire-irensa suka zama manyan masu saye, buhuna suka taru suka yi dala a kusa da tasha. A gindin dalar nan aka fara ganin taron 'yan ƙwadago masu yawa: 'yan dako, da masu ɗinkin buhu, da masu awo, mafi yawansu 'yan cin rani, waɗanda harajin da aka ce sai da kuɗi za a biya ya fito da su daga ƙauye. Da hadari ya taso sai su koma gona. Sunan lebura kuwa tun farko bai zo da daraja ba, domin da aikin tilas aka fara saninsa, a gina dogo da hanyoyi, daga baya kuma a ɗiban gwamna na lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da aka riƙa kwasar talakawa ana kai su haƙar kuza a kan dutsen Jos.

Masana'antu irin na injin sai bayan wannan yaƙi suka fara tsayuwa, mafi yawa a Bompai, gabas da tsohon birni. Na farkonsu kayan ƙasar suke sarrafawa: matse man gyaɗa, jima, sabulu, naman gwangwani. Daga baya, da gwamnati ta ɗauki ra'ayin cewa abin da ake sayowa daga waje a riƙa yin sa a gida, ta tsawwala kuɗin kwastan a kan kayan ƙetare, ta kuma yafe wa sababbin kamfanoni haraji na wasu shekaru, sai aka sami masu yin alewa da turare da kwanukan samira da gadajen ƙarfe da takalman roba da barguna da haɗa kekuna. A nan akwai wani bambanci tsakanin Kano da Kaduna wanda ya shafi albashi ƙwarai. Kaduna, da yake ita ce mazaunin gwamnatin Jihar Arewa, ita ta sami manyan masaƙu, tun daga wadda aka buɗe a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, zuwa waɗanda 'yan Hongkong da Japanawa suka kafa a Kakuri cikin shekarun 1960, kowace tana ɗaukar dubbai. Na Kano kuwa suna da yawa, amma galibinsu ƙanana ne ko matsakaita, a hannun Kwarori da Girkawa da Indiyawa da attajiran gari, mutanen da asalinsu 'yan kasuwa ne, suka kuma gudanar da kamfani kamar yadda ake gudanar da kanti, mai gida shi ke ɗauka, shi ke kora, ba ya kuma son a shiga tsakaninsa da yaransa. Saboda haka ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarfi a Kaduna ta yi rauni a Kano, albashin Kano kuma ya riƙa bin na Kaduna a baya.

Kafin 1966, aikin akawu da na gyaran injin da na lantarki mafi yawa mutanen Kudu mazauna Sabon Gari ke riƙe da shi, 'yan ƙasa kuma su ne masu ɗauka da shara da gadi. Bayan kashe-kashen wannan shekara, da dubban 'yan Gabas suka gudu, masu kamfani suka rasa yadda za su yi sai su koya wa leburorin da ke hannunsu tuƙin injin, har wanda jiya yake jan buhu ya wayi gari yana tsaye a gaban masaƙa. Wani Ba'amurke mai bincike, Paul Lubeck, wanda ya zauna cikin waɗannan ma'aikata a farkon shekarun 1970, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1986, ya tarar da yawansu 'yan ƙauye ne da suka fara shigowa birni da allo, almajirai da gardawa, waɗanda malaminsu ko wani ɗan garinsu ya haɗa su da helima aka ɗauke su. Sun zauna haya a Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata, ɗaki guda mutum biyu ko uku. Mata kuwa kaɗan ne ƙwarai suka shiga kamfani, saboda kulle, alhali zaren injin ya riga ya kashe kasuwar kaɗin da tsofaffi ke samun na goro da shi, wannan kuwa asara ce da ba a taɓa sa ta cikin lissafin kowace gwamnati ba.

Ranar biya a bakin ƙofar kamfani ta isa a tsaya a kanta. Jiniya za ta yi kuka, a jeru a gaban tagar akawu, kowa ya dangwala babban yatsa a tawada ya karɓi ambulan, kafin kuma ya kai ga kekensa masu binsa bashi sun riga sun tare hanya: mai koko da ta ciyar da shi wata guda a kan amana, mai teburin da ya ba shi sabulu da kananzir, yaron mai gidan haya, da mai adashi riƙe da littafinsa. Abin da ya saura shi za a raba, a aika da wani ƙauye don taki ko biyan 'yan ƙwadagon gona, a ɓoye wani. Wannan na ɓoyon shi ne asalin maganar. Lebura Bakano bai shiga kamfani da niyyar ya tsufa a ciki ba. Burinsa ya tara jari, ya sayi keken ɗinki, ko ya kafa teburin tireda, ko ya shiga fatauci, ya koma mai cin gashin kansa, ya yi salla a kan lokacinta ba tare da neman iznin kowa ba. Mas'alar salla ma ta sha haddasa rigima, domin injin ba ya sanin azahar, manaja kuma yana ganin fita alwala ɓata lokaci ne, har sai da aka yi ta ja-in-ja kafin kamfanoni suka yarda da keɓe wuri da lokaci. Manajoji sun riƙa kuka da cewa ɗan Arewa ba ya zama, da an horar da shi sai ya tafi, suka kira wannan rashin himma. Ni a ganina lissafi ne na mutumin da ya gane cewa abin da yake karɓa ba a hannunsa yake ba, ba ma a hannun mai kamfanin yake ba.

Hujjar wannan magana tana cikin yadda albashin ya riƙa motsi. Bai tashi don ma'aikaci ya ƙware ba, ko don kamfani ya ci riba. Yana kwance ne shekara da shekaru tsada tana cin sa, sai gwamnati a Ikko ta kafa kwamiti domin ma'aikatanta, kwamitin ya yanke ƙari, sa'an nan na kamfanoni su tashi da yajin aiki su ce su ma sai an ba su. Haka aka yi da kwamitin Morgan, wanda jan ƙafar gwamnati a kan rahotonsa ya jawo yajin aikin gama-gari na kusan mako biyu a watan Yuni na 1964. Haka kuma aka yi bayan yaƙin basasa, sa'ad da kwamitin Simeon Adebo ya ba da ƙarin wucin gadi a ƙarshen 1970: sule da sisi da kobo a kan ladan yini ga mai biyan kullum, fam biyu a wata ga wanda albashinsa bai kai fam 500 a shekara ba, a kuma lissafa tun daga watan Afrilu. Kuɗin ba su da yawa, amma ariyas ɗinsu a dunƙule ya kai abin da mutum zai kira jari, shi ya sa zukata suka rataya a kansa. Da masu kamfani suka ce ƙarin bai shafe su ba, gwamnati kuma ta yi ta magana biyu, sai ma'aikatan Bompai, waɗanda akasarinsu ba su da ƙungiya mai rajista, ga kuma dokar soja da ta hana yajin aiki, suka ajiye aiki a 1971, suka riƙa bi kamfani kamfani suna fito da 'yan'uwansu, har aka biya. A nan ne leburorin Kano suka ga yawansu da idonsu.

Ƙarin kwamitin Udoji shi ya fi shahara, har ya zama sunan zamani. A farkon 1975 aka biya shi, da ariyas na wata tara, mafi ƙarancin albashin gwamnati ya tashi daga naira 312 zuwa 720 a shekara, kamfanoni kuma suka bi bayan an sake yin yaji. Aka sayi rediyo da babur da kwanon rufi, aka yi aure, kafin shekara ta ƙare tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100, ta cinye rabin murnar. A daidai wannan lokaci kuwa gindin arzikin Kano na asali yana zaizayewa, domin farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun share dala, har masu matse mai suka rasa abin matsewa. Amma ba a ji zafin ba, saboda kuɗin man fetur sun cika gari. Aka buɗe sabuwar unguwar masana'antu a Sharaɗa, aka ƙara ta Chalawa, dokokin mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka shigar da attajiran Kano cikin kamfanonin baƙi, masana'antun garin suka kai ɗaruruwa, wasu suna aiki dare da rana a kan canji uku. A 1981, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta kira ƙarƙashin Hassan Sunmonu, gwamnatin Shagari ta sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 125 a wata, a lokacin da naira ta fi dalar Amurka daraja, wato kusan dala 200. Ma'aikacin kamfani a Nijeriya bai sake karɓar ƙimar da ta kai wannan a matsayin mafi ƙarancin albashi ba har yau. Dokar ma ta keɓe duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba, wannan kuwa ƙofa ce da ta dace da siffar kamfanonin Kano, ba su kuma yi nauyin shigarta ba.

Aibin wannan bunƙasa shi ne da kuɗin ƙetare take numfashi. Injin daga waje, kayan gyaransa daga waje, garin roba da sinadarin rini da farantin ƙarfe duka daga waje, har audugar ma, da noman gida ya gaza, ana shigo da ita. Saboda haka da farashin fetur ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, samun lasin shigo da kaya ya zama sai mai uwa a gindin murhu, kamfani sai ya ƙare kayan aiki ya aika ma'aikata hutun dole, hutun ya zarce ya zama sallama. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka sa naira a kasuwar gwanjo, cikin shekara guda dala ɗaya ta koma kamar naira huɗu, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona. Duk da haka ba za a ce komai ya mutu nan take ba: a 1985 ma aka buɗe masaƙar Gaskiya, wadda Alhaji Nababa Badamasi ya jagoranci kafa ta da jarin 'yan kasuwar Kano, masaƙu kuma sun ɗan farfaɗo na wasu shekaru, domin faɗuwar naira ta sa atamfar Nijeriya ta yi araha a Nijar da Kamaru da Cadi. Abin da ya karya su daga baya taron dalilai ne. Wutar lantarki ta zama sai an gani, kowane kamfani ya koma ga janareta da man dizal da ake ɗaukowa a mota daga bakin teku. Baƙin man da tukunyar tururi ke sha ya yi wuya da matatar Kaduna ta riƙa tsayawa. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi. Da aka mayar da hanin kuma, kayan suka riƙa sauka a Kwatano, su bi ta Maraɗi, su shigo da dare. Daga 2005, sa'ad da yarjejeniyar duniya da ke ƙayyade cinikin tufafi ta ƙare, atamfar Sin ta yi ambaliya, wata ma da tambarin masaƙun gida a bakinta.

Abin lura, wanda ba kowa ke son faɗinsa ba, shi ne Kano ba ta daina cin arzikin tufafi ba. Kantin Kwari, wadda a da shagunan Kwarori ce, ta ƙara girma a daidai shekarun da masaƙu ke rufewa, baƙi suna zuwa sari daga Nijar da Cadi da Kamaru kamar yadda kakanninsu suka zo, attajiranta kuma suna zuwa Dubai da Guwanzu su ba da zane a buga musu. Jarin da zai iya zama a Sharaɗa ya ga riba ta fi sauri a kanti, ya koma can. Ban ga dalilin zargin ɗan kasuwa a kan haka ba, tun da ba shi ya kashe wuta ba, amma dila ɗaya da aka sauke a Kwari yaro biyu ko uku take ciyarwa, alhali da a gida aka saƙa ta, da manomin auduga da mai gurza da mai kaɗi da mai saƙa da mai rini duk sun ci a cikinta. Waɗanda aka sallama, da yawansu ba tare da an biya su garatuti ba, wanda ya yi sa'a ya sayi babur ya shiga acaɓa, da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 kuma aka koma A Daidaita Sahu, wadda a yau take ɗauke da samari masu yawan gaske. Garin da aka ƙirga mutum kamar dubu 130 a cikinsa a 1952 ya haura miliyan biyu kafin ƙidayar 2006, yawan masu neman aiki yana hawa a daidai lokacin da ƙofofin ɗauka ke raguwa.

Adadin albashi kuwa a takarda kullum gaba yake yi: naira 250 a 1991, 5,500 a 2000, dubu 18 a 2011, dubu 30 a 2019, dubu 70 a 2024. In aka auna da dala, na 2000 bai wuce kamar 55 ba, na 2011 ya kai kusan 120, na 2024 kuwa bai cika 50 ba, wato rubu'in abin da uban ma'aikacin ya karɓa a 1981. Masana'antun da suka rage, wato majemun Chalawa masu fitar da fata zuwa Turai, da masu roba da leda da tabarmi, da masu lemo da ruwan sha, da injinan gyaran shinkafa da suka yawaita bayan 2015, suna aiki gwargwadon wutar da suka samu, masu su kuma suna jiran bututun iskar gas daga Ajakuta, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Yadda suke ɗaukar mutane ma ya sake: maimakon takardar ɗauka da fansho, da yawa ta hannun ɗan kwangila ake shigowa, a biya mutum a kan yini ko a kan yawan abin da ya fitar, a kuma ajiye shi duk ranar da kaya suka yi kwantai. Dokar 2019 ta rage adadin da ake keɓewa daga ma'aikata 50 zuwa 25, amma ta bar mai aikin jinga da mai aikin rabin yini a waje da kariyarta, a cikin waɗannan kuwa da yawan masu shiga ƙofofin Sharaɗa da Bompai da safe suke.